Malamin Ibrananci da Akuyar Dada

Ku ɗan matso kusa, ku ajiye abin da ke hannunku. Akwai wani labarin gidanmu da na daɗe ina ba 'yan'uwana mata baki da baki, yau na ce bari in sa shi a takarda tun ban fara ƙara masa gishiri ba. Ni ba mai fita ba ce. In an cire asibiti da gidan suna da gidan rasuwa, sai in yi wata uku ban ga kwaltar Jekadafari ba. Bokona a aji huɗu ya tsaya, Islamiyya kuwa har yau ina jan ta a hankali. Amma Allah ya ba ni kunne. Ina zaune a ɗaki zan gaya muku turmin wace maƙwabciya ke tashi, kuma gero take surfawa ko masara. Kunnen nan shi ya jefa ni cikin maganar malamai, ni da sana'ata ƙuli-ƙuli da man gyaɗa.

Shekarun nan ne da Gombe ta cika da mutanen gabas. Kowace unguwa akwai baƙi, wasu a gidan dangi, wasu a kango. Masallacin Juma'a sai an laluba mutum kafin ya shiga, coci ma haka. In maigidana ya fita kasuwa, ba ni da natsuwa sai na ji sallamarsa. Tayar mota in ta fashe a titi, kaji da mutane kowa lungu yake nema. Na faɗi wannan ne don ku san lokacin, amma labarina ba na kuka ba ne. Ban taɓa dariya a gidan nan kamar yadda na yi a daminar da zan ba ku labari ba.

Wata Talata bayan la'asar, ruwa bai daɗe da sauka ba, maigidana ya yi sallama da baƙi biyu a bayansa: wani dattijo dogo siriri mai tabarau ɗaure da zare, da matarsa gajera mai fara'a. Jakarsu ɗaya tal. Surukata, wadda duk gidan muke ce wa Dada, tana ganinsu ta saki ƙwaryar da ke hannunta. Ashe tsohon aminin marigayi mijinta ne. Tun suna daji da shanu, kafin su zauna a gari, kowace kaka a gonar mutumin nan suke sauka, can cikin duwatsun gabas. Shanu su ci kara su bar masa taki, matarsa ta ba Dada dawa, Dada ta ba ta nono. Shekara da shekaru haka. Shi Kirista ne, malami a makarantar da ake koyar da fastoci, kuma manomi na gaske. Mayaƙan nan suka shiga garinsu, suka ƙona makarantar har da littattafansa, su biyu suka bi ta dutse da ƙafa kafin su sami mota.

Dada ta sa aka yanka zakara. Ta buɗe musu ɗakin marigayi da ke kusa da zaure, wanda ko maigidana ba ya shiga sai da dalili. Muka fara ce masa Baba, matarsa kuma Mama.

Gari na wayewa na fito na tarar da Baba da tsintsiya a hannu, ya share rabin tsakar gida. Kafin in buɗe baki Dada ta fito. Ita da gwiwa ke hana ta sauri, ranar kamar an sake mata ƙafafu.

"Malam! Ajiye! Ajiye nan!"

"Hajiya, ɗan ganyen mangwaro ne kawai."

"Ko ganyen zinariya ne, ajiye. Mata sun ƙare ne a gidan nan?" Ta juyo kaina. "Ke kuma kin tsaya kina kallo, aminin surukinki yana shara?"

Haka aka yi ta yi. Ya ɗauki bokiti zai tari ruwa wurin mai kura, aka karɓe. Ya ga ƙafar benci ta saki ya nemi guduma, aka ɓoye gudumar. Mama ta jawo tire za ta taya ni ɓarar gyaɗa, Dada ta ɗauke tiren ta dire mata kofin fura a wurin. Baƙo ba ya aiki, wannan kowa ya sani. Sai dai ƙa'idar an yi ta ne don mai kwana biyu ko uku, mu kuwa namu baƙin ba wanda ya san ranar komawarsu.

Na ɗauka kunya ce kawai irin ta Fulani, sai wata rana ina yi wa Dada tsifa ta gaya mini abin da ke ranta. Ta ce kakanninta suna da rumde, wato ƙauyen bayi masu yi musu noma, kuma da yawa daga mutanen rumde daga duwatsun nan aka kamo su, cikin dangin su Baba. Tana yarinya ta ga tsofaffinsu da idonta.

Ta ce, "Yanzu yaƙi ya koro shi ba shi da komai. In aka gan shi da fartanya ko tsintsiya a gidana, me za a ce? A ce jikar masu rumde ta tsinci bawa? Ina raye ba za a yi ba."

Dadar nan ce fa, in Babarbare mai tallan turare ya yi sallama a zaure sai ta ɗaga murya ta ce, "Bawana, ka zo gaishe da uwargijiyarka?" shi ma ya rama mata da wadda ta fi. Wancan wasa ne da suka gada. Wannan kuwa har idonta ya kawo ruwa.

To sai Baba ya koma gindin mangwaro da littafin rubutu irin na 'yan firamare. Ya ce tun da littattafan sun ƙone, zai rubuta abin da ke kansa kafin ya zube. Yana rubutu yana faɗi a hankali, murhuna kuwa taku biyar ne daga wurin. Ina juya gyaɗa a kasko ina jin wani yare da ban taɓa ji ba, amma akwai wani harafi da ke fitowa daga can cikin maƙogwaro, irin ainun ɗin nan da malamar Islamiyyarmu ta sha fama da ni a kai. Kwana biyu ina cije baki. Rana ta uku na kasa.

"Baba, wannan Larabcin wane gari ne? Na ji kamar na san shi, kamar ban san shi ba."

Ya ɗago kai. "Me kika ji, 'yata?"

"Na ji ka ce aboda. Mu ibada muke cewa. Ɗazu kuma ka ce ebed, na ji kamar za ka kira wani Abdu ka fasa."

Wallahi tun zuwansa ban ga haƙoransa duka ba sai ranar. Ya ƙwala wa matarsa kira. "Zo ki ji! Shekara nawa ina fama da ɗalibai, sai na zana musu a allo suke ganewa, ga mai ƙuli-ƙuli ta kama da kunne!"

Mama ta leƙo ta ce, "Wayyo 'yata, kin jawo wa kanki. Yau ba za ki gama suyar nan ba."

Gaskiyarta kuwa. Ya ce Ibrananci ne, yaren da aka rubuta tsofaffin littattafan addininsu da shi, kuma akwai ɗan'uwansa Aramiyanci. Su biyun da Larabci, har da wasu yarukan Habasha, uwarsu ɗaya, wata tsohuwa da ba wanda ya taɓa ganin rubutunta, sai dai a gane ta a fuskar 'ya'yanta. Wannan nan take na gane shi. Ko a gidan biki ina gane 'yan uwa ɗaya ta hanci da murya, ko da ɗaya Kano ta yi aure ɗaya Yola. Ya ce kalmominsu ƙashi uku gare su, haruffa uku da ke riƙe da su, naman ne kawai ke sauyawa. Ga misali haruffan ainun, ba, dal: ebed bawa, aboda aiki. Aikin gona aboda, aikin da bawa ke yi wa ubangidansa aboda, tsayuwa gaban Allah ma aboda. Larabawa suka riƙe bawa da bauta. Masu Aramiyanci kuwa in sun ce abad, "ya yi" kawai suke nufi, yadda zan ce na yi tuwo ko maƙeri ya yi wuƙa.

Na ce, "To bawa da bauta namu fa? Su ma jikokinta ne?"

"A'a, kada ki ƙara mata 'ya'yan da ba ta haifa ba. Waɗannan na Hausa ne na kanta. Ibada ce aka aro wurin Larabawa. Hausa dai masana sun ce dangi ce, amma ta nesa ƙwarai, irin wadda sai tsofaffi sun zauna suke warware zumuncin."

Daga ranar kullum da kalmar da nake samu. Amal, ya ce Larabawa aiki suke nufi da ita, daga nan mu'amala ta fito, amma a Ibrananci wahala ce zalla, aikin da ke karya baya. Na ce to waɗannan su suka taɓa matsar mai, Larabawa sayen sa suke yi a kwalba. Ya yi dariya har tabarau ya faɗo. Melaka, aikin hannu mai gwaninta, ya ce 'yar'uwar mala'ika ce, don asalinsu duka aikawa ne. Na ce mu ma ai aiki da aike ba su da nisa. Ya rubuta wannan a gefen takarda, ranar kaina ya yi girman da ɗankwali ya kusa kasa rufe shi. Amma wadda ya fi so ita ce felah, ta Aramiyanci, yi wa babba hidima ko yi wa Allah bauta. Ya ce asalinta tsaga ƙasa ne, shi ya sa Balarabe ke ce wa manomi fallah. Duk ya zo kanta sai ya kalli tafin hannunsa.

Sau biyu ina ƙona gyaɗa a makon. Dada ta ce daga ɗaki, "Yahudancin nan ƙauri yake."

Ruwa ya zauna sosai. Manoman Kagarawal suna wucewa ta ƙofar gida da garma a kafaɗa, a zaure ba maganar da ake yi sai ta shuka da noman fari. Baba ya fara rage abinci. Malmala biyu ta koma ɗaya, ɗayar ma sai ta dawo da rabi. Dada ta ce miyata ce. Ta sa na bar kuka na koma kuɓewa, na bar kuɓewa na koma yakuwa, har na aika unguwar Dawaki wurin yayata ta aiko mini da daddawarta. Kwano dai yana dawowa yadda yake dawowa. Karatun gindin mangwaro ma ya yi sanyi, in na yi tambaya sai ya amsa a taƙaice.

Wata Alhamis Mama ta same ni a madafa, ta rage murya.

"Litinin zai tafi."

"Ina, Mama?"

"Gida. An ce sojoji sun shiga garin. Ya ce ko bukka ce zai kafa, ya jefa iri a ƙasa kafin lokaci ya wuce."

"Hanyar fa?"

"Hanyar ita ce ba kyau. Waɗanda suka gwada, wasu an ji labarinsu, wasu har yau shiru. Na yi magana har na gaji. Ya ce tun yana yaro bai taɓa cin tuwon da bai yi wa gumi ba, yanzu ga shi zaune ana kawo masa kamar majinyaci. Ba ya so ya ɓata wa Hajiya, shi ya sa ba zai gaya mata dalili ba." Ta share ido da bakin zani. "In ya tafi kuwa, bin sa zan yi. Shekara arba'in, ina zan tsaya?"

Na gaya wa maigidana da ya dawo. Ya je ya roƙi Baba, Baba ya yi masa godiya ya sa masa albarka, ya ce Litinin dai. Wurin Dada kuwa maigidana ba shi da hanya. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa, maganarsu ma yawanci ta bakina take bi. Ya ce, "Ke da bakinki ba ya gajiya, ki gwada."

Ranar Juma'a na gwada. Na kai mata goro na zauna daga gefe, na ɗauko ilimina sabo fil.

"Dada, kin san a yaren su Baba aiki da ibada kalma ɗaya ce?"

"To?"

"Wato in aka hana mutum aiki, kamar an hana shi…"

"Bawa fa?" ta katse ni. "Na ji ku ai, ni ba kurma ba ce. Ba daga nan bawa ma ya fito ba?"

Ashe tsohuwa tana ɗaki tana karatun tare da mu.

"Kin gani. Su da suka yi yaren ba su raba su ba, ke za ki raba? Bar ni da Yahudanci."

"Dada, Litinin fa zai tafi."

"Ba zai tafi ba. Wa ke barin inuwa ya koma wuta? Gobe ki yanka masa zabuwa."

Na koma madafa ina juya maganar. A can na lura da abin da kullum yake gabana ban taɓa auna shi ba. Dada da ciwon gwiwarta ba ta zama. Ita ke ba awakinta dusa, ita ke kaɗa nono ta cire mai, ita ke wanke ƙorenta, ba ta yarda wani ya taɓa su. In ta gama ta ɗauki faifan da take saƙawa, in ta gaji da shi ta jawo shinkafa ta tsince tsakuwa. Sai wata dabara ta faɗo mini, irin wadda in ta ɓaci sai dai a kira iyayena.

Asabar ina idar da sallar asuba na fito. Kafin Dada ta gama lazimi na ba awaki dusa da ruwa, na kaɗa nono, na wanke ƙore na kife su yadda take kifewa. Faifanta na ɗora can saman kwaba inda hannunta ba ya kai. Shinkafa na kulle. Na shimfiɗa mata darduma a inuwa, na sa filo, na dire kunu da ƙosai.

Ta fito ta nufi turke, ta ga awaki suna ci. Ta nufi ƙore, ta gan su a kife. Ta dube ni.

"Dada, ki huta. Girmanki ya wuce aiki."

Ta zauna, har da ɗan murmushi, ta ce Allah ya yi mini albarka. Da hantsi ta fara waige-waige.

"Ina faifaina?"

"Na adana, Dada. Idonki zai yi ciwo."

Ta sunkuya za ta ɗauki wani kara da iska ta kawo, na riga ta. Ta miƙe za ta zuba ruwa a buta, na rugo na karɓa. Kaza ta shiga ɗakinta, Dada ta ce "kas," na ce, "Bar ta, Dada, ni zan kore ta." Ta zauna, ta kwanta, ta tashi, ta juya filo. Ta ja carbi har ya ƙare ta sake. Mama ta gano abin da nake yi tun hantsi, tana leƙe ta labule ta toshe baki da zani, kafaɗunta sai rawa suke.

Ana kiran azahar tsohuwa ta fashe.

"Ke! Mutuwa na yi ba a gaya mini ba?"

Na durƙusa. Shekara goma sha tara ina gidan nan ban taɓa mayar mata da magana ba.

"Subhanallahi, Dada. Gudu nake kada mutane su ce mun mai da ke baiwa a gidan ɗanki."

Ta kalle ni ta daɗe. Sannan ta kalli gindin mangwaro, inda Baba yake zaune da littafi a rufe bisa cinya, hannuwansa a zube. Ta faɗi wata magana da Fulatanci wadda ba zan rubuta a nan ba.

"Sauko mini da faifaina, ja'ira."

Ta shige ɗaki ta saki labule. Na yi sallar azahar ina tunanin wane akwati zan fara haɗawa.

Bayan la'asar ta fito da sabuwar igiya a hannu. Ta nufi turke ta kama jar akuyarta, wadda ta fi duka kyau, ta kuma fi duka taurin kai. Ta ce in kira maigida daga zaure ya tsaya shaida. Ta ja akuya, akuya tana jan ta, har gindin mangwaro.

"Malam, miƙo hannu."

Ya miƙa. Ta sa masa igiya a tafi.

"Haɓɓanaye na yi maka."

Baba ya san abin, ya zauna da Fulani. Ni ce sai daga baya Dada ta warware mini. Al'adarsu ce ta daji: in ɗan'uwa ya rasa dukiyarsa, ko ta annoba ko ta fari, sai ka ɗaura masa saniya mace. Ya kiwata, ya sha nononta, abin da ta haifa nasa ne, sannan ya mayar da uwar. A danginsu, in ji ta, sai ta haihu sau uku. Ba sadaka ba ce, ba ƙwadago ba ne, kuma ta ce ba ta taɓa jin an yi wa bawa ba, sai wanda ka ɗauka daidai da kai.

Ta ce, "Da a daji ne saniya zan ɗaura maka, gari ya mai da ni mai awaki. Daga yau ciyawarta, ruwanta, sharar turkenta, kai ka sani. In ta rame kai za a yi wa dariya, ba ni ba. Kuma ba a barin haɓɓanaye a tafi, ba a kuma shiga da ita inda ake harbi."

Baba ya dubi akuya, ya dubi Dada.

"Hajiya, sau uku fa. Akuya ba ta haihuwa sau uku a damina ɗaya."

"Na sani. Ni ma na iya ƙirga, ko ban shiga makarantar fastoci ba."

Ya cire tabarau yana goge su da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Ya buɗe baki ya ce, "Mi yetti," wato na gode, sauran maganar bai samu ya faɗa ba. Akuya ta hango littafi a cinyarsa ta kai baki ta fizge shafi guda, ya yunƙura zai ƙwace, ta zabura da igiya, benci mai sakakkiyar ƙafa ya kife. Sai ga malamin Ibrananci yana zagaya tsakar gida a guje, akuya a gaba da takarda a baki, Mama tana ihu, "Riƙe ta, Malam, dukiyarka ce!" Maigidana da ba ya dariya gaban mahaifiyarsa ya fice zaure, muna jiyo shi daga can. Dada kanta sai da ta dafa bango.

Litinin da sassafe Baba ya fita, amma da lauje da buhu. Kafin hantsi ya dawo daga wajen Kagarawal da ciyawa a ka, wando jiƙe da raɓa har gwiwa. Ranar malmala uku ya ci, ya aiko Mama ta tambaya ko akwai ƙanzo. Jakar da aka ɗaure Mama ta kwance ta ba tare da ta tambaye shi ba, shi ma bai hana ta ba.

Daga nan kuma sai abin ya zama wasa. Sharar turke ta fara faɗi, yau taku biyu, gobe biyar, har ta kai ƙofar zaure. In Dada ta ce, "Malam, nan ma turke ne?" sai ya ce, "Kashin akuyata nake bi, Hajiya, ba ta san iyaka ba." Benci ya gyara shi, ya ce akuyarsa ta karya. Mama ta jawo tire ta ce dusar gyaɗa abincin akuyarsu ce, dole ta murza da hannunta ta tabbatar ba tsakuwa. Dada tana saƙar faifai kamar ba ta gani, sai dai lokaci-lokaci ta ce, "Akuya ɗaya ta cinye mini gida."

Karatu ya dawo gindin mangwaro, har ya fi da. Yanzu yana yi ne yana yankan ciyawa ƙanana, akuya tana gefe. Yakan yi mata tsawa da Aramiyanci, ta yi banza da shi. Ya gwada Ibrananci, ta ci gaba da cin igiyar shanya. Dada ta ce, "Kana ɓata bakinka, Fulatanci kaɗai take ji." Ta kira ta, ita ma ta ƙi zuwa. Littafin nan ya cika, aka sayo na biyu da na uku, shafin da aka cinye ni na tuna masa rabinsa.

Daga baya mun ji yadda hanyar garinsu ta kasance a daminar nan, daga bakin waɗanda suka dawo. Ba zan faɗa ba. Ranar da aka ba da labarin a zaure Baba ya shigo ya daɗe tsaye a turke yana sosa wa akuya wuya.

Ta haifi tagwaye, ta sake haifar ɗaya. Kafin ta uku garinsu ya lafa da gaske, mutanensu suka aiko a kan an fara gyara makaranta, ana neman sa. Ya kawo wa Dada igiya, ta ɓoye hannu a bayanta, ta ce ƙirga bai cika ba. Haka aka loda su a mota, shi da Mama da littattafai uku da awaki huɗu. Bayan wata bakwai, da ta yi haihuwa ta uku, ya dawo da uwar da kansa, da buhun dawar gonarsa, ya kwana biyu. A kwana biyun nan Dada ba ta bar shi ya taɓa ko cokalin da ya faɗi ba. Ta ce yanzu baƙo ne.

Abu ɗaya ne har yau ba mu daidaita ba ni da ita. Duk aka tuna zancen sai ta ce dabarar akuya tata ce, ni kuwa abin da na yi mata ranar Asabar ɗin nan rashin kunya ne tsantsa, kuma har yanzu tana jiran in zo in durƙusa in ba ta haƙuri. Maigidana ya ce kada a sa shi a ciki. To ku da kuka ji daga farko har ƙarshe, ku gaya mini tsakaninku da Allah: ni zan ba ta haƙuri, ko ita ya kamata ta ce mini mi yetti?